Ku Tambaya Mu Amsa: Yawo a Jirgin Ruwa da Kallon Dabbobin Teku

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na taɓo maganar yawon buɗe ido a teku kwanakin baya saƙonni suke ta shigowa a kai, wasu tambaya, wasu tsoro ne kawai suka rubuto, to yau filin gaba ɗaya na wannan maganar ne.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Aiki zai kai ni Cape Town na sati ɗaya, kuma naga ana ta tallar jiragen yawo kala-kala a tashar jiragen ruwansu, har na rasa wanda zan zaɓa. Dan Allah wanne ya fi, sannan da gaske ne mutum zai ga ƙaton kifin nan da suke cewa wel ko dai hoton talla ne kawai? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ɗan'uwa barka kadai, Allah ya kai ka lafiya. Abu na farko ka sani ba iri ɗaya ba ne, ko da kaga tebur ɗin sayar da tikitinsu a jere suke. Akwai jirgin zagayen tasha, wannan na kallon gari ne daga cikin ruwa, awa ɗaya ko ɗaya da rabi an dawo, ba ya nisa da gaɓa, zaka ga manyan jiragen kaya da na masunta da dutsen nan nasu mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur a bayan gari, irin wannan kusan duk birnin da ke bakin teku akwai shi, a Santambul ma haka ake bi ta mashigin Bosphorus mai tsawon kilomita wajen 30 kana kallon Turai a hannu ɗaya Asiya a ɗaya hannun. Akwai kuma jirgin da ke kai mutane tsibirin Robben inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 da ya yi a tsare, daga 1964 zuwa 1982, shi wannan in har kana da rabin yini kar ka bari ya wuce ka, amma ka sayi tikiti da wuri kuma ka sa shi a farkon satin saboda in iska ta tashi sokewa suke yi, in ka bar shi sai ranar ƙarshe aka soke shikenan ka rasa.

Sai na ukun wanda shi kake tambaya, na fita neman dabbobi. Nan ne nake so ka saurare ni da kyau, teku ba gidan zu ba ne da aka kulle dabba a keji tana jiran ka biya kuɗi ka shigo, su waɗannan halittu matafiya ne masu lokacinsu. Nau'in wel da ake gani a gaɓar Afirka ta Kudu yana cin abincinsa ne can cikin ruwan sanyi na wajen Antaktika, sai daga watan Yuni zuwa Nuwamba ya hauro gaɓa ya haihu ya yi renon 'ya'ya a lungunan da ruwa ke kwance, an fi ganinsu a Satumba da Oktoba, kuma garin da ya yi suna a kai shi ne Hermanus, kilomita wajen 120 daga Cape Town, har daga kan tudu a bakin ruwa ana hangensu ba sai ka shiga jirgi ba. In ka je a Fabrairu kace sai ka ga uwa da ɗanta to ka zo ba a kan gaɓa ba, ba laifin kowa ba ne. Haka abin yake ko'ina, a Mirissa ta Siri Lanka daga wajen Disamba zuwa Afrilu ake fita neman shuɗin wel, a Húsavík ta Ayislan lokacin zafinsu ne, Kaikōura ta Niyu Zilan ce ake samun wani nau'in wel duk shekara saboda akwai wani rami mai zurfin gaske a ƙarƙashin ruwa dab da gaɓa inda abincinsu yake. Dan haka kafin ka tambayi kuɗin tikiti ka tambayi wata, ka tambaye su me suka gani jiya da shekaranjiya, kamfanin kirki zai gaya maka gaskiya, da yawansu ma suna ba da tikitin sake fita kyauta in ba a ga komai ba.

Ni ranar da na fara gani mun fi awa guda muna shawagi ba komai sai ruwa toka-toka da tsuntsaye, mutane har sun ajiye wayoyi sun yi jugum, kawai sai matuƙin ya rage inji ya ɗaga hannu alamar a yi shiru, kuma wallahi kafin na ga komai sauti na fara ji, fuuuu, kamar an sace iskar babbar tayar tirela lokaci ɗaya, sai wani ƙarni ya biyo iska ya daki hancinmu, sannan ne baƙin baya ya taso a hankali yana ta tasowa kamar ba zai ƙare ba, kansa da wasu farare-fararen ƙuraje masu kaushi, feshin numfashinsa ya rabu biyu sama kamar an ware yatsu biyu, can sai ga ɗan ƙarami ya ɓullo a gefenta yana gogar jikinta, ƙaramin da nake faɗa ya fi mota tsawo fa. Ba wanda ya yi magana a jirgin nan, wani dattijo da ke kusa da ni hawaye kawai yake sharewa. Minti goma ne ko bai kai ba suka nutse, amma har yau in na rufe ido ina jin sautin nan. Gani ya kori ji ɗan'uwa, in watan ya dace ka je.

TAMBAYA: Malam ni matsalata ko a mota na yi doguwar tafiya sai na yi amai, kuma maigida ya dage sai mun shiga jirgin kallon dolfin in mun je hutu. Akwai dabara ko na haƙura kawai? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Ƙanwata akwai dabara, kuma ki daina jin kunya, har ma'aikatan jirgi akwai waɗanda abin ke kamawa. Abin da ke faruwa shi ne can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa-ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa jiki na motsi, to in kina zaune a cikin ɗakin jirgi idonki na kallon bango ko waya yana cewa a tsaye muke, kunne kuma yana cewa ana ta jijjiga mu, saƙo biyu sun saɓa, shi ne sai jiri da zufa mai sanyi da hamma da tashin zuciya. Maganin shi ne ki sa ido da kunne su faɗi magana ɗaya, ki fito waje inda iska ke kaɗawa, ki zauna a tsakiyar jirgi kuma a hawan ƙasa domin nan ne motsi ya fi ƙanƙanta, goshin jirgi da can sama su suka fi lilo, ki kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, kar ki yi karatu kar ki ta latsa waya, kar kuma ki tsaya a baya inda hayaƙin dizal ke fita, warin nan kaɗai ya isa ya tayar miki da zuciya. Mutane da yawa in sun fara jin abin sai su ruga banɗaki su kulle kansu, wannan ƙara wa wuta fetur ne.

Kar ki shiga da yunwa, kar kuma ki cika ciki da abu mai maiƙo, ki samu barci sosai daren. Akwai ƙwayoyin hana jiri a kemis irin su Stugeron, amma sirrinsu a sha awa ɗaya zuwa biyu kafin a tashi, in amai ya riga ya fara ba abin da zasu yi miki, kuma suna sa barci, in kina da juna biyu ko kina shan wani magani ki fara tambayar likita. Citta ma tana taimaka wa wasu. Sannan ki sa baki a zaɓen jirgin, ki ce wa maigida a ɗauki fitar safe tunda galibi da safe ruwa ya fi kwanciya kafin iskar rana ta taso, a kuma nemi babban jirgi mai gindi biyu wanda suke kira katamaran, ya fi zama daram, banda ƙaramin na roba mai gudun tsiya da ke dukan igiyar ruwa yana tsalle, shi wannan ko masu shi ba sa yarda mai ciki ko mai ciwon baya ya hau. In kina so ki gwada kanki ki fara da zagayen tasha na awa ɗaya ki gani.

TAMBAYA: Malam ina da yara uku, ƙaramin shekararsa huɗu, kuma babu wanda ya iya ruwa a cikinmu har ni. Zuciyata ta kasa natsuwa. Ta yaya zan gane jirgin da zan amince masa da 'ya'yana? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya wannan rashin natsuwar taki ita ce daidai, kuma ita nake so kowa ya je da ita bakin tasha. Mafi yawan fitar nan lafiya ake zuwa lafiya ake dawowa, kullum dubban mutane ke yi a duniya, amma in abin ya ɓaci a ruwa yana ɓaci ne da sauri. A ranar 23 ga Afrilu 2022 wani jirgin yawon buɗe ido ya nutse a gaɓar Shiretoko a arewacin Japan da mutum 26 har da yara, ba a samu ko ɗaya da rai ba, kuma ranar an riga an yi gargaɗin iska da manyan igiyoyi, masuntan yankin ma sun juyo gida tun kafin rana ta yi tsaka, shi kuma ya ci gaba. A Oktoban 2015 ma kusa da Tofino a Kanada igiya ta kifar da jirgin kallon wel mutum 6 suka rasu, lokacin yawancin fasinjojin sun taru a sama a gefe ɗaya kuma ba sa sanye da rigar ceto. Ba don na tsorata ki na kawo ba, don ki gane cewa kyaftin ɗin da ya dube ki ya ce yau ba za mu fita ba iska ta yi yawa, ga kuɗinku ko ku dawo gobe, shi ne mai ƙaunarku, ko da yara sun yi kuka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

To in kin je ki buɗe ido. Ki tambayi lasisi da adadin mutanen da aka yarda jirgin ya ɗauka, yawanci a rubuce yake a jikinsa, in kinga ana ta cusa mutane kamar buhuna ki ja yaranki ki fita ko kin biya. Ki ce a nuna miki rigar ceto ta yara tun kuna kan tudu, ba ta manya da za a zura wa ɗan shekara huɗu ba, domin in ta yi masa yawa da ya faɗa ruwa zata zame ta kansa ta bar shi, ta yara tana da igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ki ɗaure ta, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama, in ta wuce kunnensa ba tasa ba ce. Ko an ce ba dole ba ne a sa, ku ku sa abinku. Jirgin kirki kafin ya tashi sai wani ya tsaya ya yi bayanin inda kayan ceto suke da abin da za a yi in wani ya faɗa, in ba a yi wannan ba alama ce. Kuma in aka ce ga dolfin can kowa ya ruga gefe ɗaya, ke ki riƙe yaranki ku tsaya inda kuke, hannu ɗaya kullum a kan ƙarfe, ba a ɗaga yaro a ɗora shi a kan shingen jirgi don ya gani, wannan kam ko kusa. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne sanyin ruwa, a wurare irin su Cape Town da Walvis Bay ta Namibiya ruwan Benguela ne ke wucewa, ana rana tsaka amma ruwan kamar na firij, wanda ya iya iyo ma in ya faɗa numfashinsa sarƙewa yake a mintin farko, shi ya sa rigar ta fi iya ruwa muhimmanci. Da yaro ɗan shekara huɗu ni zan ce ku tsaya a fitar da ba ta wuce awa biyu ba.

TAMBAYA: Malam wai shi wel ɗin nan kifi ne? Kuma ba ya haɗiye mutane ko ya kifar da jirgi? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana a baki dai muna cewa kifi amma ba kifi ba ne, shi da dolfin da huhu suke numfashi kamar ni da kai, hancinsu a tsakar ka yake, haihuwa suke yi su shayar da nono, dole su taso sama su shaƙi iska, shi ya sa ma ake iya ganinsu. Shuɗin wel shi ne dabba mafi girma da aka sani a duniya, yana kai mita 30, nauyinsa ya haura tan 150, amma abincinsa wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne da yake tacewa daga ruwa, maƙogwaronsa ma bai da faɗin da mutum zai wuce. Ba sa farautar jirgi. Inda ake samun haɗari shi ne in jirgi ya matsa musu ko ƙaramin kwalekwale ya tsaya daidai inda zasu taso, kuma a gaskiya su jirage ke kashewa, manyan jiragen kaya na bankarsu, farfela na yanka musu baya, ragar masunta na naɗe su.

TAMBAYA: Malam abokina ya je Zanzibar ya turo bidiyo jirginsu na bin dolfin a guje suna faɗawa ruwa a tsakiyarsu, abin ya burge ni sosai, nima ina so na yi, har na taɓa su in da hali. Ya kake gani? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan'uwa na fahimci sha'awar, dolfin dabba ce mai shiga rai, amma tunda ra'ayina ka tambaya, kar ka yi, kuma kar ka ba mai irin wannan jirgin kuɗinka. Ka duba bidiyon nan da kyau ka ƙirga jirage nawa ne a kan garke ɗaya, ka lura dolfin ɗin nutsewa suke suna canza hanya, wannan gudu ne ba wasa ba. Wasu nau'insu da dare suke farauta, da rana su shigo lungun ruwa mara zurfi su huta, barcinsu ma rabin ƙwaƙwalwa ke yi rabi na farke saboda numfashi, to ka ɗauka kai ne ka kwana aiki ka dawo ka kwanta sai ga babura goma suna zagaya gadonka, yau da gobe da jibi, kullum. Uwa ba ta samun shayar da ɗanta yadda ya kamata, ƙarshe garken ya bar wurin. Ga kuma ƙarar inji, su da sauti suke gane hanya da abinci da junansu, kuma sauti a ruwa yana gudun mita wajen 1,500 a daƙiƙa, ya ninka na iska fiye da sau huɗu, abin da kai kake ji kamar ɗan gurnani su a kunnensu ba haka yake ba.

Shi ya sa ƙasashe suka sa doka. A Afirka ta Kudu ba a yarda jirgi ya kusanci wel ƙasa da mita 300 ba sai mai izini na musamman, shi ma mita 50 ce iyakarsa. Amurka tun 1972 take da dokar kare dabbobin teku masu shayarwa, kuma a 2021 ta hana yin iyo ko matsawa kusa da dolfin ɗin Hawaii masu hutun rana ƙasa da yadi 50. Matuƙin da ya san aikinsa ba ya zuwa musu ta gaba ko ta baya, gefe yake bi a hankali, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa, in sun matso ya tsayar da farfela ya bar su su zaɓa, kuma abin mamaki a irin wannan jirgin ne zaka ga dolfin da kansu sun zo suna tsere a goshinsa suna juyowa suna kallonka da ido ɗaya, ka ga wannan su suka so. Taɓawa da ba da abinci kuwa ka cire shi a ranka, dabbar da ta saba karɓa a hannun mutane sai ta riƙa bin jirage har farfela ta same ta. A Walvis Bay zaka ga kwasakwasa na sauka a kan jirgi, dabbar nan sil mai gashin baki kamar kare ma tana hawowa, kyakkyawa da ita, amma tana da haƙora, kuma a 2024 an tabbatar da ciwon haukan kare a jikin irinsu a gaɓar Afirka ta Kudu, hannunka ya zauna a aljihu.

Abin yana taɓa ni ne saboda na san daga inda aka fito. A ƙarni na 20 kaɗai an kashe wel kusan miliyan uku saboda kitsensu da namansu, wasu nau'in saura ƙiris su ƙare, sai a 1982 hukumar duniya mai kula da farautarsu ta amince a dakatar, dokar ta fara aiki a 1986, kuma ko yanzu Japan da Nowe da Ayislan ba su daina gaba ɗaya ba. Waɗanda ake fita kallo yau jikokin 'yan tsirarun da suka tsira ne, wasunsu sun farfaɗo sosai, kuma garuruwan da a da ke cin abinci da kashe su yanzu da nuna su suke ci, wannan abin farin ciki ne, kar mu zo da kyamara mu ƙarasa abin da mashi ya fara. Wasu ma har yanzu suna bakin rami, tsuntsun fengwin na Afirka da ake gani a gaɓar Boulders kusa da garin Simon's Town a Afirka ta Kudu a 2024 aka sa shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

TAMBAYA: Malam me da me zan riƙe, kuma wayata ta isa ɗaukar hoto? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata ki riƙe rigar sanyi ko da gari na zafi, da an fita daga tasha iska ke canzawa, da takalmi mara santsi, da tabarau da man kare fata saboda rana daga sama take duka ta kuma dawo daga ruwa, hula in ba mai igiya ba ce iska zata ɗauke, wayar kuma ki sa mata igiya a wuyan hannu ki tanadi 'yar leda saboda feshin ruwan gishiri. Bidiyo ya fi hoto domin kafin ki danna dabbar ta nutse. Masu jagora da agogo suke kwatance, goshin jirgi ƙarfe 12, dama ƙarfe 3, baya ƙarfe 6, hagu ƙarfe 9, in kin ji an ce ƙarfe 2 ki juya gaba ta dama. Ki riƙa duba inda tsuntsaye suka taru suna faɗawa ruwa, a nan ƙananan kifi suke, manyan kuma na ƙarƙashi. In Allah ya ba ki sa'a wel mai doro ya ɗaga wutsiya zai nutse kika samu hoton ƙasanta a fili, kar ki goge, zanen baƙi da farin da ke wurin kowanne da nasa kamar zanen yatsa, akwai shafin Happywhale da ake tura irin hoton, masu bincike su gwada shi da na wasu, wani lokaci a gaya miki inda aka taɓa ganin wannan ɗin a wata ƙasa mai nisan dubban kilomita.